Sallah Nesa Da Gida: Kada Mu Bar 'Ya'yanmu Da Jiran Baɗi

Babbar Sallar shekarar 2024, wadda ta faɗo ranar Lahadi 16 ga watan Yuni, a Legas ta riske ni, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara biyu da rabi. Tun da na yi wayo ban taɓa yin layya a wajen Kano ba sai a wannan karon. Yarinyar sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke kiran ta Ummi, kuma saboda ita ne na ga ya dace in kawo wannan magana gaban masu karatu, musamman takwarorina ma'aikata da neman halali ya watsa mu Legas da Fatakwal da Abuja.

Dalilan da suka hana mu tafiya ba baƙi ba ne ga kowa. Tsakanin Legas da Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, hutun da Gwamnatin Tarayya ta bayar kuwa Litinin da Talata ne kawai, wurin aikina kuma bai yarda ya ƙara mini ko yini ɗaya ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 600 cikin wata biyu, kuɗin mota da na jirgin sama suka bi ta. Tsohuwar hanyar da ta bi ta Jabba da Mokwa da Tegina da Birnin Gwari, direbobi da dama sun ƙaurace mata saboda 'yan bindiga, kuma harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris ɗin 2022 bai fita daga zukatan mutane ba. Duk magidancin da ya ɗora waɗannan a sikeli, sannan ya dubi 'yar ƙaramar yarinya da za ta kwana a mota, ba za a zarge shi ba idan ya haƙura.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne irin shirun da ya lulluɓe gidan da muke haya. Yarabawa suna kiran wannan Sallah da suna Ileya, wato lokacin tafiya gida ya yi, kuma da gaske suke. Kafin ranar Arfa maƙwabtanmu Musulmi duk sun kwashe, wasu Ilori, wasu Ijebu-Ode inda ake bikin Ojude Oba bayan Sallah. Muka sauko daga idi ana yayyafi, mahauci ya feɗe rago ya karɓi ladansa ya yi gaba, aka bar maiɗakina ita kaɗai da suya, da gyaran kayan ciki, da babbakar kai da ƙafa, aikin da a gidanmu na Kano mata biyar ko shida ke haɗuwa a kai suna hira suna dariya. Ummi kuwa ga ƙunshi a hannu, ga kitso, ga sabon ɗinki, amma babu wanda zai ce mata ta yi kyau sai mu biyu.

Da la'asar muka kira gida ta bidiyo. Mahaifiyata na ganin ta ta ce, "Ina kishiyar tawa? Wato kin ƙi zuwa don kin san na fi ki iya miya ko?" Yarinya ta yi dariya, ta karɓi wayar ta juya bayanta tana neman inda kakarta ta ɓuya. Da ba ta gan ta ba sai ta fashe da kuka. Da aka lallashe ta aka ce ta gai da Alhaji, sai ta gaishe shi da Turancin da ta koya a gidan renon yara. Alhaji bai ce komai a kai ba, sai ya ce da ni, "Allah Ya yi muku albarka, Ya nuna mana ta baɗi." Wannan shiru nasa ya fi mini faɗa ciwo.

A daren nan na kama kaina ina faɗin abin da da yawanmu ke faɗa: ai wannan ba Sallah ba ce, baɗi in Allah Ya kai mu ma je gida mu yi ta sosai. A nan ne nake ganin kuskurenmu yake. Mu da muka tashi a cikin dangi muna da Sallar da za mu tuna, mu kwatanta, mu yi kewa. Yaron da aka haifa a baƙunta ba shi da wata Sallah sai wadda ya gani a ɗakin iyayensa. Idan abin da ya gani shi ne uba na kwance yana latsa waya, uwa na fama a madafa ranta a ɓace, to haka zai ɗauka Sallah take. Baɗin da muke jira kuma babu wanda ya ba mu tabbacinsa. A 2020 annobar korona ta sa aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce kowa na inda yake. Shekara ta bi shekara, sai mutum ya farga ɗansa ya shiga firamare bai taɓa yawon Sallah ba.

Wani zai ce ai yaron da bai kai shekara uku ba ba zai tuna komai ba, don haka wahalar banza ce. Gaskiya ne da wuya babba ya tuna abin da ya faru da shi a wannan shekarun. Amma a cikinsu ne harshe ke kama bakin yaro, a cikinsu ne yake koyon durƙusawa ya gaida babba, da karɓar abu da hannun dama, da sanin cewa akwai wasu mutane nasa bayan uwa da uba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ya buƙatar ya tuna ranar, muddin abin da ya koya a cikinta ya zauna masa.

Ya kamata mu tuna cewa ba mu ne farkon Hausawan da Sallah ta riska a nesa da gida ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kuma daga cikinsu ne aka samu waɗanda suka kafa zanguna a Salaga da Kumasi. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, 'yan kasuwar goro da shanu suka ƙaru a ƙasar Yarabawa, aka kafa Sabon Ibadan a 1916, Agege ma ta cika da mutanenmu. Waɗannan bayin Allah ba su da waya, balle jirgin sama, amma duk inda suka sauka sai sun tayar da masallaci da makarantar allo, sun naɗa sarkinsu, sun mayar da maƙwabci ɗan'uwa. Jikokinsu har gobe suna jin Hausa. Mu kuwa 'yan boko, da muka fi su ilimin zamani da abin hannu, mun shige rukunin gidaje masu dogayen katangu, muna ganin zuwa Agege ko Idi-Araba ko Obalende kamar zubar da aji ne. Muna kukan kaɗaici alhali mu muka rufe ƙofa.

Wannan tunani ne ya sa washegari na sake shiri. Na ɗauki Ummi da ƙullin nama muka fara da maigadinmu, wani dattijo mutumin Maraɗi wanda rabonsa da iyalinsa ya kusa shekara. Ya ɗaga ta sama, ya kira ta amaryarsa, ya laluba aljihu ya ba ta goron Sallah, na ga idonsa ya ciko. Daga nan muka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabtanmu Kiristoci, waɗanda sai gaisuwar bakin ƙofa ke haɗa mu, suka karɓe mu hannu bibbiyu, yaransu suka ja ta wasa. Da yamma muka ɗunguma mu uku zuwa Agege gidan wani abokin aikina, inda muka tarar da tuwon shinkafa da miyar taushe da yara fiye da goma. A nan na ji 'yata ta ce "barka da Sallah" da bakinta, karo na farko.

Ba ina cewa wannan ya maye gurbin gida ba ne. Zumunta a ƙafa take, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Hakkin iyaye na nan a wuyanmu, kuma tsufa ba ya jiran farashin mai ya sauka. Wanda Sallah ta gagare shi, sai ya ware wani ɓangare na hutunsa na shekara, lokacin da kuɗin mota ya lafa, ya kai yara su kwana biyu a ɗakin kakanninsu. Hakan ya fi a ci bashi don tafiyar kwana uku, kada a zama wanda Sallah ta wuce ta bar shi da bashi. Haka nan shugabannin ma'aikatu, waɗanda da yawansu suna karanta wannan shafi, ya kamata su gane cewa hutun kwana biyu ba ya kai ɗan Sakkwato ko Maiduguri gida ya dawo da shi Legas, su riƙa sassauta wa ma'aikatansu ta hanyar karɓa-karɓa. Gwamnati kuwa, tsaron hanya hakki ne da talaka ke bin ta, domin duk hanyar da tsoro ya rufe, zumunci ta yanke.

Sai kuma mu maza. Matar da aka ɗauko daga cikin danginta aka kawo ta inda ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, ba adalci ba ne a sakar mata rago da yaro ranar Sallah, maigida ya saɓa babbar riga ya tafi gaishe-gaishe. Riƙe yaro da yanka nama da hura gawayi ba sa rage wa namiji komai.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana da wata Sallar za ta riska a baƙunta: a yi wa yaro ɗinki, a kai shi idi, a yi masa Hausa, a aike shi da nama gidan maƙwabta, a nemi iyalai biyu ko uku irin namu a haɗa tukunya. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya sada mu da iyayenmu cikin alheri.