Sharhi: Yadda yawan su ke sauya halin kifi da abin da masunta ke samu

Daga Tafkin Kainji zuwa Tafkin Chadi, koken masunta iri ɗaya ne: kifi ya ragu, wanda ake kamawa kuma bai kai girman na da ba. Akan ɗora laifin a kan ƙafewar ruwa da sauyin yanayi, amma binciken masana ya nuna cewa yawan su kansa yana sauya halin kifin da ya rage a ruwa.

A 1970 wani masani ɗan ƙasar Holan, Beukema, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a tafkunan kiwon kifi. Ya gano cewa kifin da ƙugiya ta taɓa kamawa aka sake shi, yakan yi wuyar kamuwa har bayan shekara guda. A jihar Illinois ta Amurka kuma, wani dogon bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa saurin cafkar ƙugiya hali ne da kifi ke gada. Idan aka yi ta kwashe masu zari, masu tsoro ne ke saura su hayayyafa, sai kamu ya ragu ko da kifin na nan.

Akasin haka ma na faruwa, kuma ya fi haɗari. Kifin da ke tafiya a garke yakan taru wuri guda ko da yawansa ya ragu, masunta kuma sun san inda yake. Haka aka yi a gaɓar Newfoundland ta Kanada, inda jiragen su suka ci gaba da cika komarsu har kifin ya kusa ƙarewa, gwamnati ta rufe sana'ar a 1992, dubban mutane suka rasa abin yi.

Ke nan yawan kifin da ake saukewa a bakin ruwa ba ya isa ma'aunin abin da ke cikin ruwa. A Najeriya lamarin ya fi shafar taru. Idan manyan giwan ruwa da tarwaɗa suka yi ƙaranci, masunci yakan koma ga taru mai ƙananan idanu, ya kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ga yin ƙwai ba. Irin wannan ɓarna ce ta sa aka haramta jan dala a Kainji, domin tana haɗawa da ƙananan kifaye iri-iri yayin kamun warangi.

Dokar su ta cikin gida ta 1992 ta tanadi iyakance girman idon taru tare da hana amfani da guba da abubuwan fashewa, sai dai aiwatarwa ta yi rauni. A Argungu kuwa, al'ada ta hana su a kogin Matan Fada har sai lokacin biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Wannan hutu na daga cikin dalilan da ake fito da manyan kifaye a bikin, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016.

Najeriya na shigo da kifi mai yawa daga waje, alhali masunta masu kwale-kwale ne ke samar da mafi yawan na cikin gida. Don haka akwai buƙatar Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da cibiyar binciken kifi ta New Bussa su riƙa auna girman kifi da shekarunsa, da yawan taru da kwale-kwalen da ke shiga ruwa. Rufe ruwa a lokacin da kifi ke ƙwai kuma zai yi tasiri ne idan an sa sarakunan ruwa a gaba, aka kuma samar wa masunta abin dogaro a watannin hutun.