Tecno ko Samsung: Muhalli Ne Alƙali

Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin cewa tsiro ba ya bunƙasa sai a ƙasar da ta dace da shi. Haka wayar hannu take. Don haka mai karatu da ya shiga kasuwar Farm Centre a Kano yana jinjina Tecno Camon 30 da Samsung Galaxy A35, waɗanda suka fito a 2024, sai ya fara tunanin inda zai koma da ita.

Kowacce tana da batir mai mAh 5,000 da babbar kyamara mai megafiksel 50, saboda haka a nan kunnen doki suka yi. Bambancin yana wajen caji da ƙura. Camon ta fi saurin cika, kuma da cajarta ake sayar da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kasuwar Kiru ko Bebeji, inda wutar lantarki ke leƙowa ta koma. Ita kuwa A35 an toshe kafofinta daga ƙura da ruwa, kuma kamfaninta ya yi alkawarin sabunta mata tsaro har shekara 5.

A ra'ayina, manomin Doguwa ko Tudun Wada da ke yini a gona, damina da hunturu, ya ɗauki A35. Tsadarta za ta biya shi da tsawon rai. Kowacce ka zaɓa dai, kada ka yi cajinta a rana, domin zafin bazara mai kai digiri 40 shi ke tsufar da batir tun kafin lokacinsa.