Tattalin Gida: Ragon Suna Sau Ɗaya Ne, Kush Kuwa Kullum

Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. A ƙasar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, da zarar cikin mace ya tsufa, maigida ya shiga lissafi. Lissafin kuwa sananne ne: ragon suna, goro da dabino, kayan ƙauri, itacen wankan jego, turmin zane na mai haihuwa, da ɗan abin da za a miƙa wa wanzami da ungozoma. Da wuya a sami magidancin da zai manta ɗaya daga cikinsu, domin duka abubuwa ne da idon jama'a yake gani. Abin da ake mantawa shi ne wanda ba a shelarsa ranar suna, wato ƙunzugun jariri na zamani, wanda wasu ke kira kush, wasu kuma pampas. Rago sau ɗaya ake yanka shi, a ci, a watse. Kush kuwa yana cin aljihu tun daga daren haihuwa har ranar da yaro ya iya zaman fo.

Shekarun baya wannan magana ba ta taso ba a karkara. Uwa tana da tsummanta na tsofaffin zannuwa, tana da majanyi, ta kuma san motsin ɗanta, in ya fara mutsu-mutsu ta sauke shi ta ɗora bisa ƙafafunta ya biya bukata. Yau kush ya kai tebur ɗin mai saye da sayarwa na ƙauye, ya shiga kayan barka, har ya zama abin da matar malamin makaranta ko ta ɗan kasuwa take jin nauyin zuwa biki ba tare da ta ɗaura wa ɗanta ba. Tun da abin ya shigo, wajibi ne a san kuɗinsa kafin a fara, ba bayan bashi ya taru a kanti ba.

Ga yadda lissafin yake. Jariri sabon haihuwa yana bukatar a canja masa sau 8 zuwa 12 a kwana guda, domin cikinsa ƙarami ne, nono yana shiga yana fita. A ɗauki mafi ƙaranci, sau 8. A wata ɗaya ƙwara 240 ke nan, zuwa ranar arba'in kuma 320. Farashi yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, amma don misali a ce ana sayen ƙwara ɗaya dala 20, wato sefa 100. Wata ɗaya ya tashi jika 24, arba'in kuma jika 32. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar, wanda ya daɗe yana sefa 30.047, an ɗaga shi zuwa jika 42 daga Janairun 2024. Ke nan ƙaramin ma'aikacin da ya ce ɗansa ba zai san tsumma ba ya miƙa wa kush fiye da rabin albashinsa, tun bai sayi tiyar hatsi ko ɗaya ba. Yayin da yaro yake girma yawan canjin yana raguwa, sai dai in an ɗauki sau 6 a kwana a tsawon shekarar farko, ƙwara 2.190 ne, kuɗinsu jika 219 a wancan farashi. Raguna nawa ke nan? Kowane maigida ya ba kansa amsa.

Abu na biyu shi ne farashin ba ya hannun mai kanti na Gidan Sori, ba ya ma hannun babban dila na kasuwar Maraɗi. Kush kaya ne na waje. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da Pampers a 1961, daga nan sunan ya bi duniya har ya zama sunan kowane iri. Abin da yake isowa jihar Maraɗi yana bin hanyar Najeriya ne ko ta tashoshin jiragen ruwa na bakin teku, saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ko darajar kuɗi sai ya taɓa shi. Tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyakar Najeriya ba ta sake buɗewa ba sai a Maris 2024, hanyar Kwatano kuma ta toshe. A can Najeriya ma kasuwar ta sauya: a Disamban 2023 Procter & Gamble ya ba da sanarwar daina ƙera kaya a ƙasar, a 2024 kamfanin Kimberly-Clark mai yin Huggies ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu kusa da Legas, bayan faɗuwar darajar naira. Darasin da ke ciki ga mai jiran haihuwa shi ne kada ya gina lissafinsa bisa iri ɗaya ko farashi ɗaya. Irin da aka saba da shi yau yana iya ɓacewa daga kanti gobe.

To, a koma tsumma ke nan? Mai faɗin haka da sauri, galibi ba shi ne mai wanki ba. Tsumma ba kyauta ba ne. Yana cin sabulu, yana cin ruwa, ruwan kuwa a ƙauyuka da dama sai an ja shi daga rijiya mai zurfi ko an saye shi bido-bido a famfo, a daidai lokacin da wankan jego yake cinye ruwa da itace safe da yamma. Yana kuma cin ƙarfin mace wadda ba ta daɗe da sauka ba. Matar da ta je wankan gida wajen iyayenta tana da uwa da ƙanne masu kama mata, wadda ta haihu a ɗakinta kuma ba kowa kusa, ita ce za ta duƙa. Duk da haka tsumma yana da fa'idar da kush ba shi da ita. Sau ɗaya ake tanadinsa, ya yi wa yaro, ya yi wa ƙaninsa. Iska tana ratsa shi, uwa kuma tana ganin jiƙewarsa nan take ta canja. Ƙyalle 20 zuwa 24 na auduga mai laushi, wanda aka wanke aka dalle bakinsa, sun isa a riƙa juyawa. A zubar da kashin a masai, a wanke da sabulu, a ɗauraye har kumfa ya fita sarai, a shanya bisa igiya cikin rana, kada a baza a ƙasa.

Hanyar da ta fi dacewa da aljihun mafi yawan ma'aikata da ƴan kasuwa ita ce a haɗa biyun. Tsumma da rana a cikin gida, kush da dare da ranar fita, kamar zuwa awo da rigakafi a likita, ko tafiyar mota zuwa Tsibiri ko Maraɗi. Ƙwara 2 a kwana, 60 ke nan a wata. A nan kuma yadda ake saye yana da muhimmanci. Mai sayen ɗai-ɗai kullum shi ne ya fi kowa biya. A ce fakiti mai ƙwara 40 yana jika 3: kowace ƙwara ta faɗo dala 15. Bambancin dala 5 ba ya kama ido, amma a ƙwara 240 jika 6 ne. Gidan da ya haɗa tsumma da fakiti zai kashe jika 4 da rabi a wata maimakon jika 24, ko an ɗora kuɗin sabulu da ruwa a kai ratar tana da yawa. Ƙa'idar ita ce a raba kuɗin fakiti da yawan abin da ke ciki, domin girman leda ba shi ne yawan kaya ba.

Wajen zaɓe, nauyin yaro ake dubawa, ba watanninsa ba. Mafi yawan kamfanoni suna rubuta lamba a jikin fakiti: lamba 1 ta kilo 2 zuwa 5, lamba 2 ta kilo 3 zuwa 6, lamba 3 ta kilo 4 zuwa 9. Katin awo na likita shi ne zai faɗi gaskiya. Kada a cika ɗaki da lamba 1 tun kafin haihuwa, domin jariri mai lafiya yakan ninka nauyinsa cikin wata 5 ko kusa da haka, ƙaramar lamba ta matse shi tun ba a ƙare ta ba. Fakiti ɗaya ko biyu sun isa a fara, sauran kuɗin a ajiye. In kush ya bar jan zane a cinya ko a ciki, ya yi kaɗan. In yana yoyo ta gefe alhali bai cika ba, ya yi yawa. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin ɗaurin da cikin yaro. Kafin cibiya ta faɗi, abin da yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, a naɗe bakin kush ƙasa da ita don ta sha iska ta bushe. Sabon iri kuma a gwada shi da ƴan ƙwarori kafin a sayi babban fakiti, domin fatar wani yaro ba ta karɓar turaren da ake sa wa wasu.

Babban haɗari yana wajen tsimin da ba tsimi ba ne. A cikin kush akwai wani gari mai shanye ruwa ya daskare, shi ya sa samansa yake zama kamar busasshe ko da ya cika. Uwar da ta san ƙwara 3 kawai aka kawo mata yau, sai ta bar ɗaya a jikin yaro tun hantsi har la'asar. A bazarar Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana wuce digiri 40. Fitsari da kashi da gumi suka haɗu a ƙarƙashin leda, fata ta yi ja, ta saluɓe, ƙuraje su fito, yaro ya kwana kuka. Abin da aka tsimi a kanti sai a kai shi farmasi. Gwamnati ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, sai dai kyautar ta duba yaro ce da magani, ba ta mayar da barcin da uwa ta rasa ko yinin kasuwar da uba ya bari. In ƙwara 3 kawai aljihu zai iya, gara tsumma 10 masu tsabta. In an yi kashi a canja nan take, a wanke da ruwa mai tsabta, a bari wurin ya bushe, a shafa man kaɗanya. A riƙa barin yaro ya sha iska bisa zane na ɗan lokaci kowace rana. Jan da ya wuce kwana 3 bai lafa ba, ko ya zo da zazzaɓi ko ruwa, likita ne maganinsa.

Akwai kuma alamar da kush yake ɓoyewa. Daga kwana na 5, jaririn da yake samun isasshen nono yana jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a kwana. Da tsumma ƙidayar tana da sauƙi, da kush sai an ɗaga an ji nauyinsa. In fitsari ya yi ƙaranci ko ya yi duhu, a ƙara ba da nono a garzaya likita, kada a ɗura wa jariri ruwa, domin nono zalla ake so har wata 6.

Saura zubarwa. Kush ba ya ruɓewa kamar tsumma. In an jefa shi a masai yana cika rami da wuri, in an yar a juji iska da karnuka su watsa shi, awaki da tumaki su ci leda ta toshe musu ciki, damina kuma ta kwashe ƙazantar zuwa tabki da bakin rijiya. Kashin jariri yana ɗauke da ƙwayoyin zawo kamar na babba. A kakkaɓe shi a masai, a naɗe kush ɗin a ɗaure, a binne a rami nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu.

Tanadin kansa ba ya bukatar banki. A wannan jiha ta Maraɗi ce ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, asusun mako-mako wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wanda ya fara ware jika 1 kowane mako tun ciki yana wata 4 zai tarar da kusan jika 20 ranar haihuwa, abin da ya isa kush na haɗin gwiwa har wata 4. Ma'aikaci ya cire nasa ranar albashi, ɗan kasuwa ranar cin kasuwa, manomi lokacin kaka. Masu zuwa barka su ma suna da rawar takawa: maimakon riguna 10 da yaro zai fi ƙarfinsu kafin arba'in, fakitin lamba 2 ko 3, ko sandar sabulu, ya fi amfani ga mai jego. Mai kanti kuma da yake fasa fakiti yana sayarwa ɗai-ɗai, amana ce a wuyansa ya rufe sauran daga ƙura da rana, ya kuma faɗi lambar gaskiya ko da ba ita ce ta rage masa ba.

Maganar ta miji da mata ce, a zauna a yi ta tun ciki bai tsufa ba: nawa za a iya a wata, wa zai yi wanki, ina ruwa zai fito. Baƙin suna za su ci nama su yi addu'a su tafi, jariri da uwarsa su ne za su kwana a ɗakin. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.