Adadin Gidajen Shaɗaranji da Abin da Ya Ƙunsa

Ibn Khallikan, alƙalin nan mai littafin Wafayatul A'ayan, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekarar 1282, ya ruwaito hikayar wani mai hikima na ƙasar Hindu wanda ya ƙago wasan shaɗaranji, da sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi a ajiye masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615, kuma tun kafin zamanin alƙalin, Al-Biruni ya riga ya fitar da ita daidai.

Galibin masu ba da wannan labari a kan girman adadin suke tsayawa, su riƙe baki, su wuce. Alhali a ganina girman nan shi ne mafi ƙarancin fa'idarsa, tun da duk yaron da ya iya rubuta sifiri yana iya zana wanda ya fi shi tsawo. Abin da ya cancanci nazari shi ne ɗabi'arsa. Adadi ne wutiri, ba ya rabuwa biyu. Bisa rabe-raben malaman hisabi na dā, waɗanda suka kasa adadi zuwa za'idi da tammi da naƙisi, shi naƙisi ne, domin idan aka tara dukkan adadin da suke raba shi ba saura, ban da shi kansa, ba za su kai shi ba.

Idan kuwa aka warware shi zuwa asalinsa, sai a tarar da adadi bakwai waɗanda ba mai raba su sai ɗaya da kansu, babu wanda ya maimaitu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. A cire 641 da na ƙarshen, a dubi sauran biyar, za a ga wani tsari mai ban ta'ajibi, wato kowane ɗaya daga 5 zuwa sama, sakamakon bugun na gabaninsa ne a juna, a ƙara biyu. Fermat na Faransa ya yi zaton duk wanda ya biyo wannan silsila ba zai rabu ba, har sai da Euler ya bayyana a 1732 cewa na shida, 4,294,967,297, ba kome ba ne face 641 sau 6,700,417.

Malamin zaure da ke rabon gado, wanda ba ya ba kowa sudusi ko sumuni sai ya nemo asalin mas'ala, ya duba tawafuƙi da tabayuni tsakanin adadi, ya daɗe da sanin wannan fanni. Makarantunmu na boko ne suka fi mai da hankali ga haddace jadawalin sau, suna barin warware adadi a matsayin darasin mako guda. Da malami zai rubuta 641 da 6,700,417 a allo, ya ce ɗalibai su buga su da hannu, su nemo inda zaton Fermat ya rushe, ba na jin za a ga mai gyangyaɗi a ajin ran nan.