Mota na cin taya gefe ɗaya: farantin karosaj ba shi ne maganin ba

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar mota a ƙasar nan ya san ciwon. Ka saye taya biyu na gaba, ka yi wata uku ko huɗu, ka leƙa ƙarƙashi ka tarar gefen ciki ya cinye har waya ta fito, gefen waje kuwa zanensa na nan kamar jiya aka ɗaura shi. Ƴan taksin Yamai masu jan kai sun san shi, masu ɗaukar fasinja tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa sun san shi, haka masu bin hanyar Damagaram zuwa Matamaye ko Magariya. Kuɗin taya na cikin abin da ke cinye ribar direba, kuma tayar da ta cinye haka ita ce ke fashewa tsakar rana, mota cike da mutane.

To ga wani ƙarfe da ke yawo a bidiyoyin waya da shagunan intanet, wai shi ne ƙarshen matsala. Faranti ne, galibi na alminiyom, wani ja wani shuɗi, ana ɗaura shi a saman amortisa ta gaba. Matasa masu son mota sun fara tambayar makanikai a kansa. Ra'ayinmu a kai shi ne: ƙarfen yana aikin da aka yi shi dominsa, amma ba don motocinmu da hanyoyinmu aka yi shi ba, kuma in aka maida shi maganin cin taya za a bar jaki ne a koma dukan taiki.

Bari mu fara da yadda abin yake. In ka tsaya gaban mota ka dubi tayoyin gaba, ba lalle ne su tsaya cak kamar sanda ba. Akwai ɗan karkata da kamfani ya yi da gangan. Wannan karkatar ce makanikanmu da suka koyi aiki da Faransanci ke ce wa karosaj, na tsallaken iyaka kuma su ce kamba. In kan tayar ya kwanta ciki wajen injin, an ce karosaj ɗin ya yi ƙasa da sifili. In ya buɗe waje, ya haura sifili. Mafi yawan ƙananan motoci na fitowa daga kamfani da karkata kaɗan ƙwarai, wadda ba ta cika wuce digiri 1 ba, ido ma ba ya ganinta.

Galibin motocin da muke hawa, Corolla da Starlet da Golf da Opel da tsofaffin Peugeot 504 da 505, ƙafarsu ta gaba iri ɗaya ce, wadda ake kira da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson. Kamfanin Ford ya yaɗa ta a Ingila a farkon shekarun 1950, sauran kamfanoni suka bi saboda sauƙinta da arha. Amortisa da sifirin na haɗe wuri guda, ƙasansu na riƙe da taya, samansu kuma na ɗaure a jikin mota da ƴan kusoshi ta hanyar wani kofi mai roba. Wurin da kofin nan ya zauna shi ke yanke yadda taya za ta karkata. Kamfani ya huda ramukan, ba sa motsi. Farantin da muke magana a kai yana maye gurbin kofin, yana da dogayen ramuka da ke bari a zame kan amortisa ciki ko waje sannan a ɗaure. Da yake tsayin ƙafar ya kai rabin mita da ɗoriya, zamewar santimita 1 a sama na canza karkatar taya da kimanin digiri 1. Dabara ce mai sauƙi, ba wani tsafi a ciki.

Su wa suka ƙirƙiro shi, kuma don me? Masu tseren mota ne a Turai da Amurka da Japan, da masu rage tsayin mota don ado. Mai tsere yana son kan taya ya kwanta ciki da digiri 2 ko 3, saboda in ya shiga kwana da gudu mota ta jingina, tayar waje ta zauna daram a kan kwalta. Ya san gefen ciki zai cinye, bai damu ba, taya yake canzawa kusan kowane tsere. Wato ainihin aikin farantin shi ne ƙara irin karkatar da ke cin taya. Mu kuma muna neman abin da zai hana ta. Ana iya juya shi a yi amfani da shi a maido da taya daidai, gaskiya ne, amma sai ka tambayi kanka me ya karkatar da ita tun farko.

Nan gizo ke saƙar. Motar da ta yi shekara 25 ko 30, ta gama rayuwarta ta farko a Turai, ta sauka a tashar ruwa ta Kwatano ko Lome, ta shigo ta fara rayuwa ta biyu a kan hanyar burji mai gargada, ba don kamfani ya yi kuskure ƙafarta ta karkace ba. Wani abu ne ya gaji ko ya lanƙwashe. Sifirin ya kwanta saboda lodi. Robobin hannun ƙafa, silanbulok, sun bushe sun tsage saboda zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Rotil ta yi wasa. Amortisa ta lanƙwashe ranar da aka faɗa rami da gudu, irin ramukan da duk mai bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya sani. Ko kuma jikin motar ne kansa, wurin da amortisa ke ɗaure, ya matse ciki don tsufa da tsatsa ko tsohon haɗari da aka rufe da fenti. In ka ɗaura faranti a kan ɗaya daga cikin waɗannan, lambar da na'ura za ta nuna za ta yi kyau, taya ta miƙe a ido, amma rotil ɗin na nan da wasanta. Ranar da ta fice, taya na kwantawa ne ƙarƙashin mota, kuma ba ta sallama kafin ta fice.

Akwai kuma wani abu da ake yawan ruɗewa a kai, shi ya fi ba mu haushi. Mafi yawan tayoyin da ke cinyewa da sauri ba karosaj ne ke cin su ba, paralelisim ne, wato yadda bakin tayoyin biyu ke kallon juna ko ke buɗewa in ka dube su daga sama. Lissafin ba shi da wuya. In taya ta kauce wa hanyarta da rabin digiri kacal, a kowane kilomita 1 kamar an ja ta a kaikaice ne kusan mita 9. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 240, kamar ka ɗaure ta ka ja ta a gicciye kilomita 2 a kan gudron mai zafi. Je ka dawo sau goma, ka ga inda taya ta tafi. Shi kuwa wannan gyaran ba ya buƙatar sayen komai: sandunan sitiyari na da zare, kowace mota na fitowa da shi, ana juyawa ne a ɗaure. Akwai ma hanyar ganewa da hannu. Shafa tafin hannunka a kan tayar daga ciki zuwa waje, sannan ka dawo. In ta ɗaya gefen santsi, ta ɗayan kuma zanen na kama fata kamar haƙoran zarto, paralelisim ne. In gefe ɗaya ya suɗe sumul ba kaifi, to a nan ne za a fara zargin karosaj. Kuma duk sanda aka taɓa karosaj, paralelisim na gocewa, dole a sake shi. Wanda ya ɗaura faranti a gida ya tafi bai sake auna ba, ya ƙara wa tayarsa ciwo ne da kuɗinsa.

Sai maganar roba. Kofin da kamfani ya sa yana da roba mai kauri da ke shanye duka kafin ya isa jikin mota. Yawancin farantan tsere ba su da ita, ƙwallon ƙarfe ne cikin ƙarfe, don mai tsere ba ya son komai ya lanƙwasa. A filin tsere mai santsi wannan alheri ne. A hanyar ƙauye ran kasuwa, kowane dutse da kowane tudun rage gudu zai bi ta ƙarfen nan ya daki fatar jikin mota kai tsaye, fatar da ta riga ta gaji. Ga kuma ƙura. Ƙwallon a buɗe yake, ba rufi, yashin hunturu na shiga ya haɗu da girisi ya zama kamar sanfefa. Ba a jima sai ƙwas-ƙwas ta fara. In ya ci, ba za ka same shi a Katako ko a hannun masu kayan kas ba, kuma ba lalle a same shi a Ƙofar Ruwa ta Kano ba, inda muke samun kusan komai na Toyota da Peugeot. Sai ka sake aikawa waje ka zauna jira, mota na kan dutse, iyali na jiran cefane. Kai, ko ingancin alminiyom ɗin da aka yi na arha da shi ba ka da hanyar sani, alhali kusan duk nauyin gaban mota a kansa yake rataye.

Ba mu ce ba shi da rana ko kaɗan ba. Akwai motar da aka canza mata duk abin da ya gaji, sifirin da roba da rotil da amortisa, aka auna, amma gefe ɗaya ya ƙi dawowa saboda jikin ya ɗan goce tun wani tsohon karo, kuma mota na jan hannu gefe guda. A irin wannan hali gyara na digiri 1 ko ƙasa da haka halas ne, kuma ya fi abin da muke gani ana yi a wasu garaji nesa ba kusa ba: a ɗauko shalimo a gasa ƙafar mota har ta yi ja, a sa dogon ƙarfe a banƙare ta, ko a faɗaɗa ramin kusa da tsinken walda. Ƙarfen ƙafar mota an dafa shi ne a kamfani don ya yi ƙarfi. In ka gasa shi ka kashe wannan ƙarfin, kuma ba a gani da ido. In zaɓin tsakanin wuta ne da faranti, mu ma faranti za mu ce, amma a nemi mai roba.

Sai dai ko a nan akwai abin da ya fi arha. Motoci irin Corolla, amortisarsu na haɗe da ƙashin taya da manyan kusoshi biyu. Ana sayar da kusa ta musamman mai ɗan tudu a jiki, in aka sa ta a madadin ta sama aka juya, taya na karkata da digiri 1 ko ɗan fiye. Ita Toyota kanta tana da kusoshi masu siririn jiki don wannan gyaran. Kofin roba na nan a wurinsa, ba a taɓa shi ba. Abin lura kawai shi ne a ɗaure ta da ƙarfin da ya dace, a kuma koma a duba bayan ƴan kwanaki. Ita 504, wadda aka fara yi a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya yi ta haɗawa a Kaduna shekara da shekaru, ƙafarta ba ta da waɗannan kusoshin, amortisa da ƙashin taya a haɗe suke. In karosaj ɗinta ya goce, kusan kullum wani abu ne ya lanƙwashe, maganinsa canji.

Ƙafar baya kuwa farantin ba ya ma isa gare ta. Golf ko Opel da aka cire wa kujeru aka loda buhun gero ko jarkoki har bayanta na shafar ƙasa, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya ne ke lanƙwashewa, tayoyin su buɗe ƙafa kamar jaki ya gaji. Mun san ba don son rai ake lodin ba, kuɗin mai da na hanya ne ke tilasta shi. Amma ba wani ƙarfe mai launi da zai gyara wannan.

Ga makanikanmu, ba sai da na'urar kwamfuta ake gane karosaj ya goce ba, ko da yake inda take akwai, a manyan garuruwa, ita ta fi. A ajiye mota a daɓe mai daidai, iskar tayoyi daidai, sitiyari a miƙe. A rataya zare da ɗan nauyi a gefen taya kamar yadda magina ke yi, a auna tazarar zaren da bakin janti a sama da a ƙasa. A janti mai inci 14, bambancin kimanin milimita 6 shi ne digiri 1. In dama da hagu sun bambanta da fiye da rabin digiri, akwai abin nema. Kafin ma awon, a ɗaga motar a kan jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kama dama da hagu a girgiza. In akwai wasa, duk awon da za a yi banza ne sai an kashe wasan. Minti goma ne aikin, kuma direban da makaniki ya nuna masa wasan rotil da idonsa ba ya gardamar biyan kuɗinta.

Haka nan ga masu sayen tayar hannu, wadda ita ce yawancinmu ke iya saye: a duba lambobi huɗu da ke jikin taya bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara; 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Tayar da ta haura shekara goma, ko zanenta na nan, robarta ta bushe, kuma in gefe ɗaya ne ke ɗauke da nauyin mota, nan za ta fara tsagewa.

Shugabannin tasha da na sandikan direbobi su ne suka fi kowa iko a nan, don su ke ba mota layi kowace safiya. Ɗan kamasho da ke zagaya mota yana ƙirga kaya zai iya durƙusawa ya shafa cikin tayar gaba. Motar da waya ta fito a tayarta a ce ta je wajen mai faci da makaniki tukuna, layinta na nan ana riƙe mata har ta dawo.