Ba Kowane Tsuntsu Ne Ɓarawon Gero Ba

Ya ku dagatai da manoman ƙasar Dutse, da Kiyawa, da Jahun, ku saurara.

Kowa ya san ɓarnar jan baki. Amma saboda laifinsa yara suna bin kowane ƙaramin tsuntsu da danƙo. Wannan kuskure ne.

In kaka ta yi, ku zauna gindin gawo da sassafe, ku zuba ido. Za ku ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro yana bin rassa shi kaɗai. Ku dubi bakinsa. Siriri ne kamar allura, don tsintar tsutsa da ƙwari. Na jan baki kuwa gajere ne mai kauri, don fasa tsaba, kuma shi tawaga yake zuwa.

Baƙo ne daga Turai. Kowace shekara sai ya ƙetare Hamada, ya yi rani wurinmu, kana ya koma. Da aka yi fari a ƙasashenmu cikin 1968, masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka tarar cikin 1969 wajen uku cikin huɗu ba su koma ba.

Mutanen Sin sun yi gayyar kashe gwarare cikin 1958. Ƙwari suka yi yawa a gonaki, tilas suka bari cikin 1960.

To, dagaci ya tara masu unguwa, a hana yara wannan harbi. A bar sare gawo, gama shi ke da ganye da rani. Ɗan ƙodagon da ba ya neman lada, ai ba a korarsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.