Masarar Meziko Da Rumbunmu: Wa Ke Riƙe Da Irin Gobe?

A watan Maris na shekarar 2025, ƙasar Meziko ta yi wa kundin tsarin mulkinta gyara saboda masara. Gyaran, wanda aka yi a ƙarƙashin Shugaba Claudia Sheinbaum, ya haramta shuka masarar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a duk faɗin ƙasar, ya kuma ayyana masarar gargajiya a matsayin wani ginshiƙi na asalin al'ummarta. Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da rigimar mutanen da ke bayan teku. Ruwanmu kuwa shi ne, tuwon masarar da muke ci daga can ya samo asali, kuma tambayar da ta hana su barci ta riga ta yi sallama a ƙofarmu.

Masana sun tabbatar da cewa kimanin shekaru 9,000 da suka wuce ne mutanen kwarin kogin Balsas da ke kudancin Meziko suka fara sarrafa wata ciyawa mai suna teosinte, wadda 'ya'yanta ba su taka kara sun karya ba, har ta zama masarar da muka sani. Ba a ɗakin bincike aka yi wannan aiki ba. Manoma ne, kaka da kakanni, suke ware goyon da ya fi kyau su ajiye domin baɗi. A yau ƙasar tana da nau'o'in masara na asali har 59, fara da ja da baƙa da shuɗiya, wata ta tudu mai sanyi, wata ta kwari mai zafi. Suna shuka ta tare da wake da kabewa a gona guda da suke kira milfa, kamar dai yadda manominmu ke haɗa gero da wake.

Rigimar ta daɗe. Tun bayan yarjejeniyar cinikayya ta 1994, masarar Amurka mai araha ta cika kasuwannin Meziko. A 2001 wasu masu bincike biyu suka ba da rahoton samun ƙwayoyin halittar da aka sauya a cikin masarar gargajiya a tsaunukan jihar Wahaka, domin iska ce ke ɗaukar garin furen masara, kuma iska ba ta san iyakar gona ba. An yi ta ja-in-ja a kan binciken, amma daga nan hankali ya tashi. A 2013 kotu ta dakatar da ba da izinin shuka irin wannan masara. A 2023 gwamnati ta hana amfani da ita wajen yin gurasar masarar da ita ce abincinsu na yau da kullum, Amurka ta kai ƙara, kuma a Disambar 2024 kwamitin sasanta rikicin cinikayya ya ce Meziko ba ta kafa hujjar kimiyya ba. Dole ta janye. Saboda haka abin da tsarin mulki ya hana shi ne shukawa. Shigo da ita daga waje kuwa yana nan, akasari domin abincin dabbobi da masana'antu.

To, a nan ne nake da ja da masu ganin cewa magana ta ƙare. A ganina doka ba ta ajiye iri, mai shuka shi ne ke ajiye shi. Ga hujjata. A tsakanin 1966 da 1967 wani masani ya tattara samfurin masara daga iyalai 66 a jihar Morelos, aka adana a rumbun cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, wato CIMMYT, wadda ke riƙe da samfurin masara kusan 28,000. Bayan shekaru 50 aka koma neman waɗannan iyalai, sai aka tarar 13 ne kacal ke ci gaba da shuka irin iyayensu. Ba sauya ƙwayoyin halitta ne ya kori sauran ba. Kasuwa ce ta fi son iri mai aure, birni ya cinye gonaki, 'ya'ya suka kama wasu sana'o'in. Iri yana kwance lafiya a ɗakin sanyi, amma ya bar gona, kuma irin da ya bar gona ya daina koyon zama da sabon yanayi.

Wannan ne ya sa rumbunan iri na al'umma, waɗanda aka fara kafawa a Wahaka tun 2005, suka fi burge ni a kan gyaran tsarin mulkin. Manoman gari ne ke tara irinsu wuri guda, su ranta wa wanda fari ko guguwa ta cinye nasa, ya mayar bayan girbi. Suna kuma yin bukin baje kolin iri, inda ake musaya hannu da hannu. Dokar kare masarar gargajiya ta 2020 ta zo ne ta tarar da su suna aikin.

Kada a ɗauka son tsohon abu ne kawai. A 2018 aka wallafa bincike a kan wata doguwar masara ta tsaunukan Mihe a Wahaka, wadda saiwoyin jikin karanta ke fitar da wani yauƙi da ƙananan halittu ke zama a ciki suna janyo mata sinadarin naitirojin daga iska, tsakanin kashi 29 zuwa 82 cikin ɗari na buƙatarta. Duk wanda ya sayi buhun takin zamani a 'yan shekarun nan ya san darajar wannan. Talakawa ne suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru kafin masana su iso. A ɗaya ɓangaren kuma, a 1970 wata cutar ganye ta halaka kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar Amurka, saboda yawancin irin da aka shuka tushensa ɗaya ne. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Mu dawo gida. A Janairun 2024 Nijeriya ta amince da fitar da masarar TELA, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta yi aiki a kanta domin jure fari da tsutsar da ta addabi manomanmu tun 2016. Tun daga lokacin muka rabu gida biyu, masu yabo da masu tsinuwa. Ni ba na cikin masu cewa masananmu maƙiyanmu ne, domin wanda tsutsa ta taɓa cinye wa gona ba zai raina magani ba. Sai dai iri mai aure, ko an sauya masa halitta ko ba a sauya ba, idan aka sake shuka 'ya'yansa amfaninsa raguwa yake yi, don haka kowace damina sai an koma kasuwa. Abin tambaya a nan shi ne, ranar da kuɗi suka yanke ko iri ya makara, me manomi zai tarar a rumbunsa?

Na tashi na ga mahaifina yana rataye goyon masarar iri a saman murhu, hayaƙi na kore masa ƙwari, kuma ko yunwa ta kai ina ba a taɓa damin iri. A yau a gidanmu babu mai yin haka, har da ni mai wannan rubutu. Mu 'yan boko mu ne muka koya wa ƙannenmu cewa duk abin da bai zo a leda mai tambari ba koma-baya ne.

Shawarata ga gwamnatocin jihohinmu da jami'o'inmu ita ce, a tallafa wa ƙungiyoyin manoma su kafa rumbun iri a matakin gunduma, na masara da gero da dawa da wake, a rubuta sunan kowane iri da garin da ya riƙe shi, a kuma tabbatar babu dokar da za ta mayar da kyautar iri tsakanin maƙwabta laifi. Masu unguwanni da dagatai sun san gidajen da tsohon iri ya saura, kuma yawancin masu riƙe da shi tsofaffi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu gane.